Yadda Ake Kunnawa da Kashe Garken Kwamfutoci

Garken kwamfutoci shi ne ɗaruruwa ko dubban kwamfutoci da aka haɗa da wayoyin sadarwa su yi lissafi tare. A nan Faransa akwai cibiyar lissafi ta CC-IN2P3 a Villeurbanne, gefen birnin Liyon, wadda ta taso daga Faris a 1986, kuma tana cikin manyan cibiyoyin da ke tace bayanan CERN. Kusa da Faris kuma, a Orsay, akwai babbar na'urar Jean Zay da ta fara aiki a 2019. A shekarun da na yi ina wannan aiki, tambayar da 'yan uwa suka fi yi mini ita ce: ana kashe su kuwa? Ana kashewa, amma bisa tsari.

Kunnawa

Mai karatu ya tuna da janareta a gida: in aka ɗora masa firiji, injin ruwa da dutsen guga lokaci guda, take zai mutu. Haka garke yake. Ana fara tabbatar da wuta da na'urorin sanyaya ɗaki. Sai na'urorin sadarwa, sai ma'adanar bayanai, sai uwar garke mai raba adireshi da daidaita agogo. Kwamfutocin lissafi su ne na ƙarshe, su ma rukuni-rukuni, da ɗan jinkiri a tsakani. Dalili biyu ne: kowace kwamfuta tana zuƙar wuta da yawa a daidai lokacin tashi, kuma yawancinsu daga uwar garke suke karɓar babbar manhajarsu. In duk suka nema tare, layin ya cushe.

Babu mai zagayawa yana danna maɓalli. Kowace kwamfuta tana da ɗan ƙaramin allo da ba ya barci, ana aika masa umarni daga nesa ta ƙa'idar IPMI da ta fito a 1998. Da manhajar ClusterShell, wadda hukumar CEA ta Faransa ta ƙirƙira, umarni guda ya isa ga kwamfuta dubu.

Kashewa

A nan ana juya tsarin ne. Da farko a hana kwamfuta karɓar sabon aiki, a jira wanda ke kanta ya kammala. Sannan a raba ta da ma'adana, a kashe. Ma'adana da sadarwa su ne na ƙarshe. Wanda ya kashe ma'adana alhali ana rubutu a cikinta yana iya lalata lissafin da wani ɗalibi ya yi makonni yana jira.

Yaushe kashewa ke da riba?

Ga misali: kwamfuta tana cin wat 100 tana zaune ba aiki, tashinta kuma yana ɗaukar minti 5 a kan wat 200. Kenan tashi guda daidai yake da zaman banza na minti 10. In hutun bai wuce haka ba, barinta a kunne ya fi. Masu bincike a makarantar ENS ta Liyon sun auna irin wannan da mitocin wuta a kan Grid'5000, dandalin gwaji da aka fara a 2003. Manhajojin raba aiki irin su Slurm da OAR suna iya kashe kwamfutar da ta jima ba aiki, su tashe ta in layi ya yi tsawo. Tsadar wuta a hunturun 2022 ta sa cibiyoyi da dama a Turai suka ƙara kula da wannan.

Shawarata ga masu kafa ƙaramin garke a jami'o'in Nijar da Najeriya: ku rubuta jerin kashewa, ku haɗa shi da batirin ajiya yadda zai fara da kansa in an ɗauke wuta, kuma ku gwada shi tun wutar tana nan.