Gwajin ƙofar shiga shafukan sada zumunta

Ƙofar shiga ita ce wurin da mai asusu a shafi irin su Facebook ko Instagram yake rubuta lambar wayarsa ko adireshinsa na imel, ya bi da kalmar sirri. Kafin kamfani ya saki sabuwar manhaja ko ya yi wa tsohuwa gyara, ma'aikata na musamman suna gwada wannan ƙofa don su tabbatar da abu biyu: mai asusu yana shiga ba tare da wahala ba, wanda kuma ba shi da haƙƙi ba ya samun hanya. In ƙofar ta yi tsauri, mutane su rasa asusunsu. In ta yi sako-sako, saƙonni da hotuna da sunan mutum su faɗa hannun ƴan damfara.

Abin da ake gwadawa

Ana farawa da hanya madaidaiciya, wato lamba daidai da kalmar sirri daidai. Daga nan mai gwaji sai ya riƙa yin kuskure da gangan. Yakan bar gurbi ba komai, ya rubuta kalmar da manyan baƙaƙe maimakon ƙanana, ya sa lambar Nijar mai alƙaluma takwas da 227 a gabanta, sannan ya sake sa ta ba 227. Yakan duba ko manhajar na karɓar haruffa irin su ƙ da ɗ, da abin da ke faruwa in intanet ya yanke ana tsakiyar shiga.

Ana kuma duba saƙon da shafin ke mayarwa. In ya ce kalmar sirri ce kawai ba daidai ba, to ya tabbatar wa ɓarawo cewa lambar tana da asusu, shi ya sa masana tsaro suka fi son saƙon da bai fayyace wanne ne kuskuren ba. Galibin waɗannan gwaje-gwaje kwamfuta ce ke maimaita su duk lokacin da aka taɓa manhajar, domin gyaran wani ɓangare yakan ɓata wani.

Iyakar yawan gwadawa

Wanda ya manta kalmar sirri akan aika masa lamba ta saƙon waya. Lamba mai alƙaluma shida ba ta wuce iri miliyan ɗaya ba, kuma kwamfuta na iya jarraba su ɗaya bayan ɗaya muddin ba a tsayar da ita ba. A 2016 wani mai binciken tsaro ɗan Indiya, Anand Prakash, ya gano cewa babban shafin Facebook yana toshe mutum bayan ƴan kurakurai, amma shafin gwajin kamfanin ba shi da wannan iyaka, alhali asusun jama'a na gaskiya ne a bayansa. Ya sanar da kamfanin, aka toshe kafar, aka ba shi tukuicin dalar Amurka dubu 15. Tun 2011 Facebook ke biyan irin wannan lada ga masu kawo masa rahoton ɓaraka.

Bayan an shiga

Da zarar mutum ya shiga, shafin yakan ajiye wata shaida a wayarsa, kamar tikiti, don kada ya riƙa rubuta kalmar sirri kullum. Duk wanda ya mallaki tikitin ya mallaki asusun. A watan Satumba na 2018 Facebook ya sanar cewa masu kutse sun sace irin wannan shaida. Kurakurai uku ne suka haɗu, tsakanin sashen da ke nuna wa mutum yadda wasu ke ganin shafinsa da sashen ɗora bidiyo wanda aka sauya a watan Yuli na 2017. Da farko kamfanin ya ce abin ya shafi asusu kusan miliyan 50, daga baya ya rage adadin zuwa kimanin miliyan 30. Sai da ya fitar da asusu miliyan 90 don masu su su sake shiga. Kafar ta yi fiye da shekara a buɗe. Wannan ya nuna cewa gwada kowane sashe shi kaɗai bai isa ba, sai an gwada mahaɗarsu.

Ajiyar kalmar sirri

Ƙa'ida ita ce kamfani ba ya ajiye kalmar sirri yadda mai ita ya rubuta ta. Ana juya ta da lissafi zuwa jerin alamomin da ba a iya mayarwa baya, kuma su ake kwatantawa a duk shiga. A watan Maris na 2019 Facebook ya amsa cewa kalmomin sirri na ɗaruruwan miliyoyin mutane suna ajiye a fili cikin rumbunansa, inda ma'aikata ke iya karanta su. Hukumar kare bayanai ta ƙasar Ailan ta ci kamfanin Meta tarar yuro miliyan 91 a kan haka a Satumban 2024, sannan ta ƙara yuro miliyan 251 a Disamban shekarar saboda kutsen 2018, wato sama da miliyar 164 na sefa.

Abin da gwaji ba ya magancewa

Gwaji yana toshe kuskuren manhaja, amma ba ya hana mai asusu miƙa makullinsa da hannunsa. Damfarar da ta yawaita a WhatsApp ita ce a kira mutum a ce an tura masa lamba bisa kuskure, a roƙe shi ya karanto ta. Da ya karanto, asusun ya koma wata waya, sai a shiga neman kuɗi wajen ƴan uwansa da sunansa. Kariyar ita ce kunna tabbatarwa mai mataki biyu da ke cikin saitin manhajar, da ƙin faɗa wa kowa lambar da ta zo ta saƙo, ko da mai kiran ya ce daga kamfanin yake.