Lise Meitner da Tsagewar Cibiyar Yuraniyom

Mai karatu, duk abin da ido ke gani da ƙwayoyin zarra aka gina shi, kuma kowace ƙwaya tana da cibiya. Ernest Rutherford ne ya bayyana wannan cibiya a Ingila a 1911. A 1932 James Chadwick ya gano cewa ban da firoton mai ɗauke da caji, akwai wata ƙwaya marar caji a cibiyar, wato niyutiron. Daga nan masana suka duƙufa wajen harbin cibiyoyin sinadarai da niyutiron don ganin abin da zai biyo baya.

Cikin masu wannan aiki a birnin Barlin akwai Lise Meitner, masaniyar fiziks haifaffiyar Biyana, da Otto Hahn, masanin haɗa sinadarai. Tun 1907 suke aiki tare. To amma da yake asalinta Bayahudiya ce, zaman Jamus ƙarƙashin Hitler ya gagare ta. A watan Yulin 1938 ta tsere zuwa Holan, daga can ta wuce Suwidin.

A Disambar wannan shekara, Hahn da Fritz Strassmann suka harbi yuraniyom da niyutiron, sai ga bariyom ya bayyana. Abin ya ɗaure musu kai, domin yuraniyom firoton 92 gare shi, bariyom kuwa 56. A wancan lokaci an ɗauka iyakar abin da niyutiron zai iya shi ne ya ɓantare ɗan guntu. Sai Hahn ya rubuta wa Meitner wasiƙa yana neman bayani.

Lokacin hutun Kirsimeti, a garin Kungälv na Suwidin, ta tattauna batun da ɗan 'yar'uwarta, Otto Frisch. Suka ɗauki ra'ayin Niels Bohr cewa cibiya kamar ɗigon ruwa take. Idan niyutiron ya shige ta sai ta girgiza, ta miƙe, tsakiyarta ta tsuke, har ta rabe biyu. Idan an cire 56 daga 92 saura 36, wato kirifton. Meitner ta lissafa cewa nauyin guntayen biyu bai kai na asali ba, ya gaza da kusan kashi ɗaya bisa biyar na nauyin firoton. Wannan giɓi, bisa ƙa'idar Einstein, shi ke zama makamashi, kimanin elektiron-bolt miliyan 200 a kowace tsagewa. Mujallar Nature ta buga bayaninsu a Fabrairun 1939.

Wannan tsagewa ce tushen bam ɗin Hiroshima na 1945, aikin da Meitner ta ƙi sa hannu a ciki. Ita ce kuma ta sa yuraniyom ɗin Arlit a Nijar, wanda aka fara haƙa a 1971, ya yi daraja.

Kyautar Nobel ta 1944 kuwa, Hahn kaɗai aka bai wa. Ba shakka ya yi aikinsa, amma ita Meitner abin ya zame mata kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ta rasu a 1968, sai a 1997 aka tabbatar da sunanta a kan sinadari na 109.

'Yan'uwa marubuta, wanda ya dogara da jerin waɗanda suka samu kyautar Nobel kaɗai wajen rubuta wannan tarihi ba zai ga sunanta ba. A wasiƙun da suka yi musaya ita da Hahn ne rabonta na aikin ya fito fili.