Libarba

libarba (suna, mace). Ƙaramar bindigar hannu mai dunƙulen ƙarfe da ke juyawa a bayan bututunta, kowane rami a jikinsa da harsashi guda.

Samuel Colt ya yi rajistar tasa a Amurka a 1836, aka ƙera ta a garin Paterson, mai ramuka 5. Ta gaba ake ɗura kowane rami da albarushi da dalma, a kafa masa 'yar hular tagulla a baya. In mai harbi ya ja gudumar baya da babban yatsa, wani ɗan ƙarfe a ciki sai ya tura dunƙulen, sabon rami ya daidaita da bututu, wani kuma ya kulle shi kada ya goce. A lokacin ne kunamar, wadda ke naɗe a ciki, take saukowa. Ya danna ta, guduma ta bugi hular, albarushi ya kama.

Nan fa gwanintar take: bindigar toka irin ta maharba harbi ɗaya take yi, sai an sake ɗuri. Hafsoshin Ingila na zamanin mulkin mallaka libarba ƙirar Webley suke ratayawa, mai rami 6.

*Misali:* Ya soke libarba a ƙugu.