Turakun da ke ƙarƙashin gini: abin da ya kayar da bene mai hawa 13 a Shanghai

Yau ƙarƙashin ƙasa zan kai ku.

Idan wuri yumɓu ne mai laushi, magina kan kafa dogayen turaku su nutse can ƙasa, sannan a ɗora gini a kansu. Dabarar tsohuwa ce. Fadar sarki da ke Amstadam, wadda aka fara ginawa a 1648, tana zaune ne a kan turakun itace 13,659. Amma damuwar mutanen da ita ce nauyin da ke dannawa daga sama. To idan turi ya zo daga gefe fa?

Masu haƙar mai ne suka tilasta a nemi amsa. Da suka shiga tekun Meziko bayan yaƙin duniya na biyu, igiyar ruwa da guguwa suka riƙa bugun dandamalinsu ta gefe. Wani injiniya a Jami'ar Tekzas, Hudson Matlock, ya kafa turakun ƙarfe a yumɓu yana tura su yana aunawa, ya fitar da lissafinsa a 1970. Har yau ana aiki da shi. Abin da aka gano shi ne, ƙasar da ke kusa da sama ita ke ɗaukar yawancin turin, komai tsawon turken. Kuma idan ana kai shi ana komo da shi, sai rata ta buɗe tsakaninsa da yumɓun, ruwa ya shiga, riƙon ya ragu.

Nan ne wurin da ya fi burge ni. Za ku ce turke tara ai ƙarfin turke ɗaya ne sau tara, ko? A'a. A 1987 Brown da Reese da O'Neill suka buga sakamakon gwajin da aka yi a Hustan: turaku tara, uku-uku a jere, a yumɓu mai tauri. Rukunin ya fi turke guda karkacewa, alhali matsakaicin nauyin da ya faɗo wa kowanne daidai yake da na gudan. Dalili? Layin gaba yana tura ƙasar da ba a taɓa ba. Na baya kuwa ƙasar da yake jingina da ita, ta gaban ta riga ta ja ta. Wato na bayan suna cikin inuwar na gaba, shi ya sa injiniyoyi ke rage musu ƙarfi a lissafi, sai dai in an ba su tazara sosai.

Sai Shanghai, birnin da shi ma a kan laka yake. Ranar 27 ga Yuni, 2009, wani bene mai hawa 13 da ake gab da gamawa ya kwanta gaba ɗayansa, tagoginsa da yawa ko fashewa ba su yi ba. Ma'aikaci ɗaya ya rasu. Bincike ya nuna an haƙa ramin ajiye motoci mai zurfin mita 4.6 a kudu da ginin, aka jibge ƙasar a arewa har kusan mita 10, ga ruwan sama. Gefe ɗaya na turi, ɗayan babu madogara. A ganina, duk wanda ya ba da umarnin jibge ƙasar nan nauyin sama kawai yake tunani. Turakun kankare ne masu rami a tsakiya, sun ɗauki benen lafiya lau, amma da yumɓun ya motsa ta gefe, karyewa suka yi.