Alaska: Jihar da Rasha ta sayar wa Amurka a kan Dala miliyan 7.2

A ranar 15 ga Agustan 2025 Shugaban Amurka Donald Trump ya karɓi baƙuncin takwaransa na Rasha Vladimir Putin a wani sansanin soja da ke birnin Anchorage na Jihar Alaska, domin tattauna yaƙin Yukren. Wurin da aka zaɓa yana da nasa tarihin, domin shekara 158 kafin wannan ganawa, ƙasar da suka tsaya a kanta mallakin Rasha ce. Ita ta sayar da ita da hannunta, tana ganin ta rabu da kaya.

Girma da iyakoki

Alaska ce jiha mafi girma a cikin jihohin Amurka 50. Faɗinta ya haura murabba'in kilomita miliyan 1.7, wato ta kusa ninka Najeriya sau biyu, kuma ta ninka Teksas, wadda ke bi mata, fiye da sau biyu. Amma ƙidayar 2020 ta nuna mutum 733,391 kacal ke zaune a cikinta, kusan kashi 40 cikin 100 nasu a birnin Anchorage.

Jihar ba ta haɗa iyaka da kowace jiha ta Amurka ba. Kanada ce a gabas da ita, teku kuma ya kewaye sauran ɓangarorin. Mashigin ruwan Bering, mai faɗin kimanin kilomita 85, shi ya raba ta da Rasha. A tsakiyar mashigin akwai tsibirai biyu da ake kira Diomede, babban na Rasha, ƙaramin na Amurka, tazarar da ke tsakaninsu ba ta kai kilomita 4 ba. Layin da ke raba kwanakin duniya ya ratsa tsakaninsu, don haka wanda ya tsaya a ƙaramin da ranar Litinin yana hango tsibirin da tuni ya shiga Talata.

A nan ne dutse mafi tsawo a Arewacin Amurka yake, mai tsayin mita 6,190. 'Yan asalin yankin suna kiransa Denali. Gwamnatin tarayya ta amince da wannan suna a 2015, sannan a Janairun 2025 Shugaba Trump ya mayar masa da tsohon sunansa na McKinley, duk da cewa mutanen jihar da dama ba su daina cewa Denali ba.

Zuwan Rashawa da cinikin 1867

Dubban shekaru kafin zuwan Turawa, al'ummomi irin su Inupiat da Yupik da Aleut da Tlingit da Athabaskan suna zaune a yankin, suna rayuwa da farauta da kamun kifi. Daga harshen Aleut aka samo sunan Alaska, ma'anarsa babban yankin ƙasa wanda ba tsibiri ba.

A 1741 Vitus Bering, matuƙin jirgin ruwa ɗan Denmark da ke yi wa Rasha aiki, ya isa gaɓar yankin. Mutanensa suka koma gida da fatun wata dabbar ruwa mai laushin gashi, waɗanda suke da tsada ƙwarai a kasuwannin Sin. Nan da nan 'yan kasuwar Rasha suka kwararo, suka tilasta wa mutanen Aleut yi musu farauta, cututtukan da suka zo da su kuma suka hallaka da yawa daga cikinsu. An kafa matsugunin Rashawa na dindindin na farko a tsibirin Kodiak a 1784, daga baya garin Sitka ya zama hedikwata bayan gwabzawa da mutanen Tlingit a 1804.

Zuwa tsakiyar ƙarni na 19 dabbobin sun yi ƙaranci, riba ta ja baya. Rasha ta sha kaye a Yaƙin Kirimiya wanda ya ƙare a 1856, baitulmalinta ya yi rauni, kuma tana fargabar Birtaniya, wadda ke riƙe da Kanada, za ta iya ƙwace yankin ba ko sisi. Sai Sarki Alexander na Biyu ya yanke shawarar sayarwa. A ranar 30 ga Maris 1867 Sakataren Harkokin Wajen Amurka William Seward ya sa hannu a kan yarjejeniyar, a kan Dala miliyan 7.2, kimanin santi biyu ke nan a kowace eka. Wasu jaridun Amurka suka yi ta yi masa ba'a cewa ya kwashi kuɗin jama'a ya sayo ƙanƙara. Su kuwa 'yan asalin ƙasar, ba wanda ya tuntuɓe su.

An miƙa mulki a Sitka ranar 18 ga Oktoban 1867. Saboda sauyawa daga kalandar Rasha zuwa ta Amurka, da kuma matsar da layin kwanaki, mazauna wurin sun kwanta a ranar Juma'a 6 ga wata, suka wayi gari a wata Juma'ar, 18 ga wata.

Daga zinare zuwa man fetur

Ba a yi shekara 15 da cinikin ba aka gano zinare a 1880, a wurin da ya zama birnin Juneau. Aka sake samun wani a Nome a 1899 da Fairbanks a 1902. Yaƙin Duniya na Biyu ya fito da muhimmancin yankin ta fuskar tsaro, lokacin da sojojin Japan suka mamaye tsibiran Attu da Kiska a 1942. A shekarar ce aka shimfiɗa babbar hanyar mota da ta ratsa Kanada zuwa Alaska. Ranar 3 ga Janairun 1959 ta zama jiha ta 49.

Babban sauyi ya zo a 1968, da aka gano man fetur a Prudhoe Bay, can ƙuryar arewa, rijiyoyi mafiya girma da aka taɓa samu a Amurka. Kafin a fitar da man, sai da aka sasanta da 'yan asalin ƙasar: dokar 1971 ta ba su eka miliyan 44 da diyyar Dala miliyan 962.5. A 1977 aka kammala bututu mai tsawon kusan kilomita 1,300 zuwa tashar ruwa ta Valdez. Fiye da rabinsa a kan ginshiƙai yake tafiya, domin man da ɗumi yake fitowa, kuma da an binne shi zai narkar da daskararriyar ƙasar da ke ɗauke da shi.

Abin da jihar ta yi da kuɗin shi ya bambanta ta da sauran masu arzikin mai. A 1976, zamanin Gwamna Jay Hammond, jama'a suka kaɗa ƙuri'ar gyara kundin tsarin mulkin jihar domin kafa asusun dindindin. Aƙalla kashi 25 cikin 100 na kason da jihar ke samu daga ma'adinai yana shiga asusun, ana juya shi, kuma ba a taɓa uwar kuɗin. Daga ribar ake ba kowane mazaunin jihar da ya cancanta, har da jarirai, kasonsa duk shekara. Rabon farko a 1982 Dala 1,000 ne, na 2022 kuma ya kai Dala 3,284. Jihar ba ta karɓar harajin kuɗin shiga daga ɗaiɗaikun mutane.

Rayuwa a inda rana ba ta bin ƙa'ida

A garin Utqiagvik da ke can arewa, rana kan faɗi a tsakiyar Nuwamba, ba a sake ganinta sai ƙarshen Janairu. A lokacin zafi kuma takan yi fiye da kwana 80 ba ta faɗi ba. Ko a Anchorage, wuni kan haura awa 19 a watan Yuni, shi ya sa wasu Musulmin birnin kan bi lokutan Makka wajen azumi bisa fatawar malamai. Wannan doguwar rana ce ke sa kayan lambu su yi girman ban mamaki a kwarin Matanuska, inda a 2012 aka auna kabeji guda mai nauyin fiye da kilo 62. Sanyi mafi tsanani da aka taɓa aunawa a Amurka shi ma a nan ne, maki 62 ƙasa da sifili, a Janairun 1971.

Babu hanyar mota da ta haɗa Juneau, babban birnin jihar, da sauran sassa, sai dai a je ta jirgin sama ko na ruwa. Haka ƙauyuka da dama suke. A garin Whittier kuwa, akasarin mazauna a cikin bene ɗaya mai hawa 14 suke zaune.

A 1925 cutar mashaƙo ta ɓarke a Nome cikin tsakiyar hunturu, teku ya daskare. Mutum 20 da karnuka kimanin 150 masu jan keken ƙanƙara suka yi ta miƙa wa juna maganin, suka ci kilomita 1,085 cikin kwana biyar da rabi. Har yau ana tseren karnuka na Iditarod duk shekara zuwa Nome, wanda aka fara a 1973.

Ƙalubalen da ke gaba

Jihar ta ga masifu. Girgizar ƙasa mai ƙarfin maki 9.2 ta auka mata a Maris 1964, mafi ƙarfi a tarihin Arewacin Amurka. A Maris 1989 jirgin dakon mai na Exxon Valdez ya yi karo da dutse, ɗanyen mai kimanin galan miliyan 11 ya malala a teku, ya kashe tsuntsaye da kifaye, ya durƙusar da masunta.

Yau matsalar iri biyu ce. Man da ake haƙowa ya sauka daga kimanin ganga miliyan 2 a kullum a 1988 zuwa ƙasa da ganga 500,000. A 2016 Gwamna Bill Walker ya zaftare rabin kason jama'a domin cike giɓin kasafi, kuma tun 2018 gwamnati ke ɗiba daga ribar asusun tana gudanar da ayyukanta. Duk shekara majalisar jihar kan yi ja-in-ja a kan nawa za a raba, nawa za a bar wa makarantu da hanyoyi.

Ta ɗaya gefen, ɗumamar yanayi tana narkar da ƙasar da aka gina ƙauyuka a kanta. Kogi ya yi ta cin ƙauyen Newtok na mutanen Yupik, har daga 2019 mazaunansa suka fara ƙaura zuwa sabon matsuguni mai suna Mertarvik, a kan tudu. Akwai wasu ƙauyukan gaɓar teku, irin su Shishmaref da Kivalina, da suka daɗe suna neman kuɗin da za su yi irin wannan ƙaura.