Kangon Zungeru da Asalin Bariki



Wanda duk ya je Zungeru, wato Dungurum ta bakin mutanen da, yana tsammanin ganin alamar mulki, zai komo da mamaki. Ni da na je, abin da na tarar shi ne ragowar tubali cikin ciyawa, da ginshiƙai da ba rufi, da maƙabartar Turawa. Ko ƴar gadar ƙarfe ta Gwamna Lugga ba ta nan, tun 1954 aka ɗauke ta zuwa Kaduna. Amma fa nan ne Lugga ya mai da hedkwatarsa a 1902, bayan ya baro Jaba, kuma nan ne babban sansanin sojansa kafin a koma Kaduna. Daga nan aka ba da umurnin yaƙin da ya ci Kano ran 3 ga Fabrairu 1903, da Sakkwato ran 15 ga Maris, kuma daga nan aka tura rundunar da ta shafe Satiru a 1906.

Abin da nake so mu tsaya a kansa shi ne, su wane ne sojan? Rundunar da Kanar Morland ya kai Kano ba ta kai mutum 1,000 ba, Turawan cikinta kuwa ba su cika 50 ba. Sauran duk baƙar fata ne, akasarinsu masu jin Hausa da Yarabawa, da yawa kuma bayi ne da suka tsere wa iyayengijinsu. Wannan magana ba ta da daɗin ji, shi ya sa muka fi son mu ɗora kome a kan bindiga mai ruwa. Gaskiya ne bindigar ta yi aikinta. Sai dai mutumin da ya gudo daga rinji, aka ba shi kaki da albashi, ba shi da dalilin yi wa ganuwar Kano kuka. Tarihin da ya ƙi tambayar abin da ya kai shi ga Bature bai cika ba.

Ginin ya rushe, amma sansanin ya shige cikin bakinmu. Soja, kofur, saje, samanja, hafsa, duk daga can muka samo su. Mafi nauyinsu ita ce kalmar bariki. Da farko mazaunin soja kawai take nufi. Daga baya ta zama duk inda hukuncin uba da na mai unguwa ba ya kaiwa, har muka ƙagi ɗan bariki da barikanci, muna faɗinsu da raini haɗe da ɗan tsoro. Ga shi kuwa daga 1966 zuwa 1999, in an ɗebe shekara huɗu na Shagari da ƴan watanni a 1993, daga bariki aka mulki Nijeriya, da rundunar da ta gaji waccan ta Lugga.