Bugu ko guga: wane suna ya dace da ɗab'in katako?

A Hausa, duk abin da zai bar alama a takarda buga shi ake yi. Ana buga littafi, ana buga hatimi, jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da ta fara fitowa a Zariya a 1939 ita ma buga ta aka yi. Malamai sukan ce ɗab'i, daga Larabci, su kira wurin aikin maɗaba'a, amma mutumin kasuwa bugu ya sani. Kalmar bugu kuwa ta girmi injin Bature. Tun kafin zuwansa masu bugu a Kano da Kura suke ɗora rinannen yadi a kan gungumen ice, su yi ta dukansa har ya yi sheƙi. Tambarin sarki ma buga shi ake yi, ga shi yau tambari ya zama sunan alamar da hukuma ke bugawa a takarda.

To, akwai wata sana'a a Jafan da wannan kalma tamu ba ta kama ta ba. Suna kiranta mokuhanga: moku ice, han abin ɗab'i, ga zane. Da ita Suzuki Harunobu ya fito da zane mai launuka da yawa a 1765, da ita kuma Hokusai ya yi shahararren zanen igiyar teku ta Kanagawa wajen 1831. A da, mutum huɗu ke raba aikin. Eshi ya yi zane, horishi ya sassaƙa shi a katakon ceri, surishi ya fitar da shi a takarda, hanmoto ya zuba jari ya sayar. Sunan na ukun ya fi jan hankalina, domin daga suru ya fito, wato gogawa.

Wanda ya zauna koyo da hannunsa zai gane dalilin sunan. Babu inji, babu duka. Surishi yakan shafa launin da aka dama da ruwa a kan katako, ya haɗa da ɗan kunun shinkafa, ya baje da buroshi. Sai ya ɗauko takarda mai ɗan danshi, ya saka kusurwarta a wani tsagi da aka yanka a gefen katakon, ana ce masa kento, don kowane launi ya faɗa inda ya kamata, tun da kowane launi da nasa katakon. Daga nan ya ɗauki baren, wani ɗan faifai da aka naɗe da ɓawon gora, ya yi ta murza bayan takardar. Nauyin kafaɗa ne ke tura launi cikin takarda. In ya matsa da yawa layi ya cushe, in ya sassauta launi ya fito fatsi-fatsi. Malamin da ya ce wa almajiri "buga" a wannan wuri ya ɓata masa hannu tun daga ranar farko.

To, a wurinmu, a ƙasar Dutse ta Jigawa, wa ya fi kusa da wannan aiki? Ni a ganina mai yanka hatimin roba ne. Ka tsaya wurinsa ka ga yadda yake riƙe da tsinin reza, yana yanke duk abin da ba harafi ba, yana barin harafin a tsaye, kuma a juye, don in an danna ya karantu daidai. Wannan shi ne ainihin ilimin horishi, sai dai mu mun tsayar da shi a kan sunan ofis da na makaranta.

Sauran hannuwan ma suna nan, a warwatse. Daga Gantsa, hedikwatar ƙaramar hukumar Buji, zuwa ƙauyukan da ke kewaye, ba za ka rasa tsangaya ba, kuma babu tsangaya sai da allo. Masassaƙi ya san icen aduwa, ya san yadda zai bi shi da gizago har fuskarsa ta yi sumul. Almajiri ya san dama tawada da gawayi da ƙaro, ƙaron nan na aikin da kunun shinkafa ke yi wa Bajafane, wato riƙe launi. Mai zayyana kuwa, wanda ke ƙawata allon sauka da ja da ruwan ɗorawa da kore, ya riga ya mallaki irin zanen da ya fi dacewa da sassaƙa: layuka da kusurwoyi da sarƙaƙiya, babu siffar mai rai, don haka babu abin da zai tayar da jayayya. Abin da ke ba ni takaici shi ne zayyana ɗaya kan ci kwanaki, kuma gida ɗaya kaɗai ke morar ta.

Shi ya sa ban gamsu da "bugun katako" ba, ko da yake shi zai fara zuwa baki. Katako abin rufi ne da ƙofa da benci. Allo kuwa ice ne da aka gyara don rubutu, yana da daraja a idon kowane Bahaushe. Gaskiya akwai bambanci: rubutun allonmu wanke shi ake yi a sake wani, nasu kuwa sassaƙa ce da ke zama, a fitar da ɗaruruwan takardu daga gare ta. Duk da haka allo ya fi kusa. "Gugar allo" ma ba ta zauna mini ba, don mai ji zai ɗauka share rubutu ake nufi. Na zaɓi ɗab'in allo ya zama sunan sana'ar, a wurin koyarwa kuma a riƙa cewa murza ko goga.

Malaman zane na makarantun Jigawa, da alarammomi masu zayyana, da masu yanka hatimi na Dutse, ku haɗu ku gwada allo ɗaya, launi ɗaya, baƙi. Aduwa da gawayi da ƙaro duk akwai su a Buji.